Yadda Ake Zaɓen Rezista Don Gyara Muryar Amfilifayar Jita Mai Bawul

Wanda ya haɗa amfilifayar jita mai bawul, wato kwalbar gilashi mai ninka ƙarfin sauti, da hannunsa, ya kunna ta yi magana, yawanci ƙorafi ne ke biyo baya: sauti ya yi kauri ya cakuɗe, ko ya yi tsini yana sukan kunne, ko kuma tun boliyum yana kan uku ta fara gurnani. Da yawa sai su ɗora laifin a kan bawul ko sifika, su shiga kashe kuɗi. Alhali mafi yawan wannan hali yana fitowa ne daga wasu 'yan rezistoci da ba su wuce goma ba.

Rezista ba ta da murya ta kanta. Ƙaramin abu ne mai rage gudun wuta, kuma yawanci abu biyu take yi. Ko dai ta tsayar da yawan wutar da ke bi ta cikin bawul lokacin da yake zaune ba a kaɗa komai, wato bayas, ko kuma ta haɗu da kafasita, wato abin da ke ajiye wuta, su yanke wani ɓangare na sauti. Mafi yawan canjin da kunne zai ji daga ɗayan biyun nan yake. Saboda haka ba a tambayar wace rezista ce mai daɗi, ana tambayar nawa ce, kuma a wane gurbi take.

Za mu bi zanen Fender Champ samfurin 5F1 na ƙarshen shekarun 1950, domin shi masu farawa suka fi haɗawa: bawul 12AX7 ɗaya mai karɓar sautin jita, 6V6 ɗaya mai tura sifika, 5Y3 mai gyara wuta, ƙarfinsa kamar wat 5. Abin da aka koya a kansa yana aiki a manyan ma.

Kafin hannu ya shiga ciki

Kafasitocin tace wuta suna riƙe bolt 350 ko fiye, kuma suna iya riƙewa bayan an zare filogi. Wannan wutar tana kisa. Ka zare filogi, ka ɗauki rezista 10k (k na nufin kilo-om, wato om dubu, ma'aunin rezista) mai wat 5 da aka haɗa wa waya mai rufi da 'yan maƙalai, ka maƙala gefe ɗaya a jikin shasi, wato akwatin ƙarfen amfilifayar, ɗayan a ƙafar kafasita ta farko, ka jira, sannan ka auna da mita. Sai ka ga ƙasa da bolt 10 za ka taɓa. Yana da kyau ka dasa 220k mai wat 2 a tsakanin ƙafafun wannan kafasitar dindindin, ta riƙa zuƙe wutar duk lokacin da aka kashe. In za ka auna tana kunne, baƙar wayar mita a maƙale a shasi, hannu ɗaya yana aiki, ɗayan yana bayanka. Kada kuma ka kunna ba sifika a jone, taransifomar sauti na iya ƙonewa.

Lissafi ɗaya za ka riƙe. Inda rezista da kafasita suka haɗu, wurin da suke fara yanke sauti shi ne 159 a raba da abin da ka samu in ka ninka rezistar a kilo-om da kafasitar a mikrofarad. Amsar a Hz take. Ka kuma riƙe cewa tsirkiya mafi kauri ta jita, in an ɗaure ta yadda aka saba, tana kan Hz 82.

Katod, inda aikin ya fi yawa

Bawul 12AX7 gida biyu ne a kwalba ɗaya. Ƙafa ta 1, 2 da 3 su ne anod, girid da katod na gida ɗaya, ƙafa ta 6, 7 da 8 na ɗayan. Sauti ta girid yake shiga, ya fito ta anod, katod kuma shi ne gefen da ke zuwa shasi. A Champ kowane katod yana da 1.5k zuwa shasi, kowane anod yana da 100k zuwa layin wuta. In komai lafiya, mita za ta nuna kamar bolt 1.3 zuwa 1.5 a katod. Raba wannan da 1.5k, ka samu kusan miliamfiya ɗaya, kuma wannan wutar ce ke zubar da bolt 90 zuwa 100 a kan rezistar anod. Wannan gurbin tsakiya ne: sauti na da filin hawa da na sauka kusan daidai kafin ya bugi bango.

Ka rage rezistar katod zuwa om 820, wuta ta ƙaru, anod ya sauko, bawul ya yi ɗumi. Sauti zai cika, ya fara karyewa da wuri cikin laushi. Ka ɗaga ta zuwa 2.7k, wuta ta ragu, bawul ya matsa kusa da inda yake ɗaukewa, karyewar ta yi kaushi da cizo. Kamfanin amfilifaya na Marshall sun yi amfani da 2.7k tare da kafasita 0.68 mikrofarad a tashar su mai kaifi. A JCM800 samfurin 2203 sun sa 10k ba kafasita a wani gida, Soldano SLO-100 kuma 39k. Irin wannan gida da kyar yake ninka sauti sau goma, aikinsa shi ne ya sare gefe ɗaya na sautin da gangan. Yana da amfani ne kawai in akwai gida mai ƙarfi a gabansa da ke tura shi. A Champ mai gida biyu kacal, 10k sauti kawai za ta cinye maka.

Akwai tarko a nan. A zanen Deluxe 5E3 da wasu na Fender za ka ga om 820 a katod, sai ka ɗauka sun ɗumama bawul ne. Duba da kyau: gida biyu ne ke raba rezista ɗaya. Wutar gida biyu ke bi ta cikinta, don haka kowane gida ji yake kamar yana kan 1.6k. Wanda ya kwafi 820 ya sa wa gida ɗaya ya canza zanen bai sani ba. Haka wanda ya raba katod ɗin biyu, dole kowanne ya samu tasa 1.5k.

Sai kafasitar da ake ɗora wa rezistar katod. In babu ita, gidan 12AX7 mai 100k da 1.5k yana ninka sauti kamar sau 30. In an sa ta, ya kai kusan sau 60. Girmanta ke nuna wane ɓangaren sauti zai samu wannan ƙarin. Mikrofarad 25 da 1.5k sun ba da Hz 4, wato komai ya samu har da kaurin da jita ba ta fitarwa. Mikrofarad 0.68 da 2.7k sun ba da Hz 87: daga nan ƙarin ke fara hawa, ba ya cika sai an haura Hz 200, saboda haka kaurin ƙasa bai samu ba, tsakiya da sama sun samu. Wannan ne ya sa Marshall ke gurnani ba tare da tsirkiyoyin ƙasa sun cakuɗe ba. In amfilifayarka tana yin taɓo da zarar ka ɗaga boliyum, nan za ka fara dubawa. Ka bar 1.5k a wurinta, ka sauke kafasitar gida na farko daga 25 zuwa 2.2 ko 1 mikrofarad. Mai kiɗa irin na Agadas, inda tsirkiya ɗaya ke ta ruri a ƙasa yatsu na gudu a sama, shi ya fi kowa jin amfanin wannan canji. Ka lura kuma: in ka canza rezistar katod ka bar kafasitar, wurin yankewa ma ya matsa. Abu biyu ka canza, ba ɗaya ba.

Anod

100k ita ce gama-gari. In ka sa 220k, ninkin zai tashi daga kusan 60 zuwa 75 ko sama kaɗan, anod ya sauko, gidan ya yi saurin matsewa, kuma ƙarfin tura gida na gaba ya ragu, sai kaifin sama ya ɗan dusashe. Yawanci ana ɗaga ta katod tare da ita, zuwa 1.8k, 2.2k ko 2.7k, don gurbin ya dawo tsakiya. Ƙasa da 100k, kamar 82k ko 68k, sauti ya fi tsabta amma ya ragu.

Wutar da wannan rezista ke ci ba ta wuce kashi goma cikin ɗari na wat ɗaya ba, duk da haka kada ka sa ƙarama mai rubu'in wat. Irin waɗannan iyakarsu bolt 250 ne, mai rabin wat 350, mai wat ɗaya 500. Mai wat ɗaya ita ce kwanciyar hankali.

Ƙofar shiga

Champ tana da soket ɗin jita biyu, a bakinsu akwai 1M, wato om miliyan ɗaya, zuwa shasi da 68k guda biyu. 1M ce nauyin da jita ke gani. In ka rage ta zuwa 220k, kaifin jitar zai mutu tun kafin ya isa bawul. Bar ta.

68k tana aiki da wata kafasita da ba a gani, wadda ke cikin bawul ɗin kansa tsakanin girid da anod. Ƙarama ce, ba ta kai fikofarad 2 ba (fikofarad miliyan ɗaya ne mikrofarad ɗaya), amma ninkin bawul yana ninka ta, ta koma kamar fikofarad 110. Da 68k lissafi ya ba da Hz 21,000: jita ta wuce, tashar rediyo ba ta wuce ba. Wanda ya cire ta zai iya jin labaran rana suna fitowa a sifikarsa. A soket na ɗaya rezistocin biyu a jere suke kafaɗa da kafaɗa, sun zama 34k. A soket na biyu sun zama masu rage sauti da rabi, kuma nauyin da jita ke gani ya sauka zuwa 136k, shi ya sa yake da sanyi da duhu. In soket ɗaya kake so, 33k ta isa, kuma ta fi 68k ƙarancin huci.

A gidajen da ke gaba kuwa, babbar rezista a girid magani ce. 470k da waccan fikofarad 110 sun ba da kusan Hz 3,000, suna aske tsinin nan mai kama da ƙudan zuma da ke fitowa in gida ya karye. Fara da 100k, in bai isa ba ka hau zuwa 220k. Ko wace ce, a jikin ƙafar soket ɗin bawul ake lika ta da dalma, a yanke ƙafarta ta gefen bawul gajera ƙwarai. In ka ajiye ta can a kan allo ka ja doguwar waya zuwa girid, wayar ta zama eriya, aikin ya ɓaci.

Bawul na ƙarshe

A 6V6, ƙafa ta 3 anod ce, ta 4 sikirin, wato girid na biyu da ke kan layin wuta, ta 5 girid, ta 8 katod. Zanen ya ce om 470 a katod. Kada ka yarda da zanen sai ka auna, domin an yi shi ne lokacin da wutar gidajen Amurka take wajen bolt 117, kuma taransifomarka ba tasu ba ce.

Ga yadda ake yi. Kunna, ka bari ta yi ɗumi minti biyar. Auna katod, a ce ka samu bolt 19. Raba da 470, miliamfiya 40 ke nan. Cire kamar 3 na sikirin, saura 37. Auna daga ƙafa ta 3 zuwa ta 8, a ce bolt 340. Ninka 340 da 0.037, ka samu wat 12.6. Tsoffin takardun 6V6GT sun ce iyakarsa wat 12, wasu na baya sun ce 14. Bawul ɗaya tilo irin na Champ ana barinsa kusa da iyakarsa, amma ba a haure ta. In ya haura, sa om 560, ka sake aunawa. Kada ka yi tsammanin wutar za ta sauka daidai da yadda ka ƙara rezista, domin wannan tsari yana gyara kansa: wuta na raguwa, bolt ɗin layi na ɗan tashi. Wani lokaci sai an kai 680. In ka kashe fitilar ɗaki ka ga jikin farantin ƙarfen cikin bawul ya yi ja, ba 'yar wutar tsakiya ba, kashe nan take.

A kunne, bawul mai zafi ya fi cika da taushi, mai sanyi ya fi siriri da bushewa. Amma wannan gurbi na lafiyar bawul ne kafin ya zama na daɗin sauti. Rezistar kanta tana cin kusan wat 0.8 ba hutawa, don haka sa mai wat 5, ka ɗaga ta daga allo iska ta ratsa, ka nisanta kafasitarta da ita, kafasitar kuma ta kasance mai bolt 50.

Zanen asali ba shi da rezistar sikirin. Ƙara om 470 ko 1k mai wat 3 a ƙafa ta 4. Tana kare sikirin lokacin da aka matsa wa bawul, kuma mai girma tana sa sauti ya ɗan lanƙwashe a ƙarƙashin yatsa. Ƙara 1.5k a ƙafa ta 5, in akwai tsuwa ko tsini ka hau zuwa 5.6k irin ta Marshall. 220k da ke tsakanin girid da shasi tana aiki da kafasita 0.022 mikrofarad da ke gabanta, sun ba da Hz 33. Ana iya ɗaga rezistar don ƙarin ƙarfi, amma takardar 6V6 ta ce kada ta wuce 500k a wannan tsari. In sauti yana ɗaukewa na ɗan lokaci bayan an bugi tsirkiya da ƙarfi, sannan ya dawo da tusa-tusa, waccan kafasitar ce ta cika ta danne bawul. Rage ta zuwa 0.01, ka ƙara rezistar ƙafa ta 5.

Komayya daga sifika

Akwai 22k da ke ɗebo sauti daga wayar sifika ta mayar da shi katod na gida na biyu. Aikinta ta danne ninki, ta daidaita kauri, ta jinkirta karyewa. Ƙaramar lamba, dannewa mai yawa, sauti mai tsabta da tsauri. Babbar lamba, kamar 47k ko 56k, sauti ya saki jiki, ya ƙara ƙarfi, ya karye da wuri. Cire ta gaba ɗaya, Champ ta zama mai hayaniya, huci da ƙugi ma su ƙaru. 5E3 ba ta da wannan layi sam, kuma rabin halinta daga nan yake. Hanya mafi sauƙi ita ce ka bar 22k, ka jera mata abin murɗawa mai 100k, ka nemi inda ya yi maka, sannan ka auna ka dasa rezista mai wannan lamba.

Abu uku ke ɓata wa mutane rai a nan. Na ɗaya, 22k an zaɓe ta ne don sifika mai om 4. In ka ɗebo daga wayar om 8, bolt ya ƙaru da kusan kashi 40 cikin ɗari, sai ka sa 33k don dannewar ta tsaya yadda take. Na biyu, in ka ɗora babbar kafasita a katod na gida na biyu, ta kwashe komayyar ta zuba a shasi, 22k ta zama ado. Na uku, in ka kunna sabuwar amfilifaya ta fasa ihu tun boliyum yana ƙasa, komayyar ce ta juye tana ƙari maimakon ragi. Kashe, sauke wuta, ka musanya wayoyi biyu na taransifomar sauti ta gefen bawul.

Layin wuta da na'urar daidaita murya

Tsakanin kafasitocin tace wuta akwai 10k, sannan 22k mai ciyar da 12AX7. Gida biyu suna jan kusan miliamfiya 2, don haka 22k na zubar da bolt 40 da ɗoriya. In ka mayar da ita 47k, wutar da ke isa bawul ta ragu, sauti ya yi duhu, ya karye da wuri. In ka mayar da ita 10k, ya yi haske da fili. Sa masu wat 2 ko 3.

Champ 5F1 boliyum kawai gare ta, amma wanda ya ƙara mata maɓallan tirebul da bes zai haɗu da rezistar da ke raba sauti tsakaninsu. Fender na tsakiyar shekarun 1960 sun sa 100k, Bassman 5F6-A tana da 56k, Marshall na baya suka sauko zuwa 33k. Kowace saukowa tana cike ramin tsakiya, sauti ya ƙara jiki. Sai dai ƙaramar lamba tana yi wa gidan da ke gabanta nauyi. Bassman da Marshall suna da gida na musamman da ke fitar da sauti ta katod don ɗaukar wannan nauyi. In kai daga anod kake ɗebowa, kada ka sauka ƙasa da 56k. Inda babu maɓallin tsakiya, akwai 6.8k a gindin da'irar, kuma ɗaga ta zuwa 10k ko 15k shi ne canji mafi arha da ke ƙara tsakiya. Ka sani dai wannan da'ira tana cin sauti da yawa, Champ mai gida biyu za ta yi sanyi bayan an sa ta.

Irin rezista, da yadda ake gwaji

Ana yawan yabon tsohuwar rezistar gawayi dunƙulalliya, ana cewa ita ce sirrin tsoffin amfilifayoyi. Gaskiyar da ke ciki kaɗan ce: lambarta tana ɗan motsawa in bolt mai yawa yana kaɗawa a kanta, kuma wannan a anod kawai zai iya tasiri. A sauran gurabe huci take kawowa, tana shan laima da damina, lambarta tana hawa da tsufa. Mai fatar ƙarfe ta fi shiru, musamman a ƙofar shiga da anod na gida na farko. Ko wace ka saya, auna ta da mita kafin ka lika. Ruwan ƙasa, baƙi, rawaya 100k ce, ruwan ƙasa, baƙi, kore 1M ce, kuma a hasken fitilar waya ja da ruwan lemo ba su da wuyar rikicewa, sai 22k ta zama 2.2k. In za ka auna wadda ke kan allo, ɗaga ƙafa ɗaya, in ba haka ba maƙwabtanta za su shiga lissafin.

Canji ɗaya a lokaci ɗaya. Jita ɗaya, sifika ɗaya, boliyum a wuri ɗaya, ka ɗauki sauti a waya kafin da bayan canji, domin kunne ba ya riƙe abin da ya ji minti goma da suka wuce. Rubuta bolt na kowane anod da katod, tare da bolt na soket ɗin bango a daidai lokacin. Wannan na ƙarshe ya fi muhimmanci a wurinmu. Wutar Najeriya da Nijar ta bolt 220 zuwa 230 ce mai Hz 50 a takarda, amma tana hawa tana sauka, ta janareta ma haka. In ta bango ta tashi da kashi 10 cikin ɗari, layin wutar amfilifaya ya tashi da kusan haka, hitar bawul, wato wayar da ke ɗumama shi, ta tashi daga bolt 6.3 zuwa 6.9. Wanda ya daidaita katod na 6V6 da rana wuta tana 200, da dare ta koma 235, bawul ɗinsa zai yi ja. Ka daidaita a kan mafi girman wutar da ke zuwa maka, ko ka sa sitabilaiza. Taransifomar wuta kuma ta kasance an naɗa ta don bolt 230 da Hz 50, domin wadda aka yi don Hz 60 kaɗai tana ƙara zafi a nan ko an rage mata bolt.

Mita tana faɗin inda ciwo yake. In anod na 12AX7 ya nuna daidai da layin wuta, katod kuma sifili, wuta ba ta bi ta bawul: duba hita da ƙafafun soket. In anod ya hau sama, katod ma ya hau bolt da yawa, rezistar katod ta yanke ko dalmarta bai kama shasi ba. In anod sifili ne, rezistar anod ta yanke. In anod ya faɗi ƙasa ƙwarai, auna girid, domin kafasitar da ke gabansa na iya yoyon wuta. Ƙarar tas-tas da ke zuwa bayan an yi ɗumi yawanci daga 100k ta anod take. Taɓa kowace da busasshen tsinken katako tana kunne, wadda ta amsa a sifika ita za ka sauya, ko ka sake narka dalmar ƙafarta.